Kawu Iro da "Da Sauƙi"

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Iro ya san ba ya sakin hannunka sai ya ƙirga yatsunka. "Biyar cif! To, ina kwana?" Aikin inshora ne ya maishe shi haka. Shi ake turawa ya duba ma'aikacin da ya ji rauni, ya rubuta diyyar da ta dace.

Ba abin da ya tsana kamar "da sauƙi". Cewa yake, "Mutanenmu ko kai aka cire musu, ka ce ya jiki, da sauƙi za su ce!"

Kun tuna Ɗanliti, wanda injin casar shinkafa ya cinye wa yatsu uku a wajen Watari? Manajan ma'aikatar ya je dubiya, Ɗanliti ya ce da sauƙi, aka rubuta cewa rauni kaɗan ne. Ga 'ya'ya biyar, ga hannun noma ya tafi. Ni na goya Kawu a babur zuwa gidan Ɗanliti. Ko ya jiki Kawu bai ce ba, tuwo ya sa aka kawo.

"Yanki loma mu gani."

Ɗanliti ya gwada, tuwon ya suɓuce. Ya sake, ya suɓuce. Sai hawaye.

"Yauwa," in ji Kawu, yana zaro biro. "Yanzu ka amsa min."

Washegari manaja ya aiko masa da buhun shinkafa, wai a sassauta rahoton. Kawu ya dubi ɗan dakon. "Mayar masa. Kai, durƙusa kafin ka ɗaga! In bayanka ya ƙage, ni za a wahalar da rubutu." Aka biya Ɗanliti haƙƙinsa cikakke.

Da ciwon ajali ya kwantar da Kawu, na je asibiti, bakina ya suɓuce na ce ya jiki.

"Da sauƙi," ya ce.

Sai na miƙa masa kofin ruwa. Hannun ya kasa riƙewa. Ya yi murmushi. "Ja'iri, ka iya aikin." Wallahi fita na yi waje na yi kuka.

Ranar jana'iza Ɗanliti ya kama makara da yatsunsa biyu, aka yi aka yi ya ba wani, ya ƙi saki har maƙabarta.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka. Sauƙin da ka ce, Allah ya sa can ka tarar da shi.