Bulala a Hannun Ƙane

Aji ɗaya muka yi da yayana a firamaren ƙauyenmu, can gefen Aliero, duk da ya ba ni shekaru. Ba daƙiƙanci ya jawo masa ba. Baba ne ya riƙe shi a fadama yana taya shi ban ruwan albasa, sai da na isa shiga makaranta aka haɗa mu aka kai tare. Shi ne dogon ajinmu, a bencin ƙarshe yake zama. Ni kuwa ina gaba dab da allo, bakina ba ya rufuwa.

Muna aji biyar aka turo mana sabon malamin lissafi daga Jega. Mutum ne mai son aikinsa, ba zan yi masa ƙarya ba, amma ya zo da wata doka. In ya yi tambaya, duk wanda ya kasa sai ya miƙe tsaye. Wanda ya faɗi daidai, shi za a miƙa wa tsumagiyar bishiyar dogon yaro ya bi na tsaye ɗaya bayan ɗaya a tafin hannu. Ita ce ladan mai ƙoƙari, ita ce kuma horon wanda ya gaza.

Dokar nan ta yi mini daɗi ba kaɗan ba. Ɗan mitsitsi da ni, sai ga ni ina zane ƙattin da ke ture ni a bakin rijiya. Har wani taku na ƙirƙiro na zuwa karɓar tsumagiya.

Ran nan malam ya rubuta doguwar rabawa a allo, ya fara tambaya daga bencin ƙarshe. Hannuna yana sama tun bai ajiye alli ba, ina ta "Ni, Malam! Ni, Malam!" ko waiwaye ban yi ba. Sai da na faɗi amsa, na karɓi tsumagiya na juya, sannan na ga Yaya a tsaye. Mutumin da a gida ba na sa hannu a kwanon tuwo sai ya sa.

Na ce, "Malam, yayana na."

Ya ce, "Nan ba yaya ba ƙane. In ka buga mai a hankali, in amshe in ninka mai."

Yaya ya miƙo hannu bai dube ni ba, na buga. Hannu ne mai kanta, ba na jin tsumagiyar ta shige shi. Dariyar aji ce ta shige shi, har 'yan mata suna toshe baki da hijabi. Na koma wurina ina jin kamar in nutse.

Kafin la'asar labari ya gama ƙauye. Abokansa suka sa shi gaba, in ya doso sai su ce, "Ga wanda ƙane nai ka horo." Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai dube ni ta ce, "Kai kuma hannunka bai yi ma nauyi ba?"

Daga ranar na kame bakina. In malam ya nuna ni, sai in faɗi shirme da gangan in miƙe tsaye. Waɗanda na saba zanewa suka samu abin da suke jira, suka rama har da ƙari, ni kuwa na gwammace haka. Da sakamakon zango ya fito na zube ƙasa warwas, malam ya aika wa Baba cewa na lalace. Baba bai ja magana ba. Ya ce in boko ba ta shiga, dama fadama tana neman hannu, bayan dashe sai in bar makaranta.

Wata Asabar muna dashe, Yaya ya ce da ni bai ko ɗago kai ba, "Kai, ka ɗauka ban gane abin da kaka yi ba?" Na sunkuya na ci gaba da dashe. Da muka zauna shan fura a inuwa, sai ya dubi Baba ya ce, "Baba, ni na gaji da boko, kaina bai ɗauka. A bar min aikin ga, shi a barshe shi yi ta karatu."

Ƙarya yake yi, kuma na sani. Kullum shi ke riga ni shiri da safe, shi ke wanke mana kayan makaranta. Baba ya ce "To," ya ci gaba da shan furarsa. Magana ɗaya ce ta rage in yi, in ce ai na iya, da gangan nake faɗuwa. Na zauna riƙe da ludayi ban ce uffan ba.

Ran Litinin na tafi ni kaɗai. Malam ya rubuta tambaya a allo, na waiwaya bencin ƙarshe na ga wurin Yaya wayam. Na so a ce baƙin ciki ne ya fara zo mini. Sauƙi na ji, wallahi, kamar an sauke mini buhu daga ka, kuma har yau kunyar wannan sauƙin ta fi ta bugun ci mini rai.

Malam ya ce wa ya sani, na ɗaga hannu.