Sabulun da Direba ya bari a shagon Mai Makulli

Shekara da shekaru rumfata tana kallon shagon Mai Makulli. Zare nake sayarwa da allura da maɓalli, sana'ar da ba ta hana mutum sa ido, saboda haka abin da zan faɗa a kansa da idona na gani.

Shagon nasa bai fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba. Injin yanka a kan tebur, zarto iri-iri a cikin gwangwani, makullan da ba a yanka ba rataye a ƙusoshi har kusa da rufi, sai benci a bakin ƙofa. Ɗakinsa yana bayan shagon: katifa, risho, rediyo. Matarsa ta rasu tun kansa bai yi furfura ba, ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba. Na sha yi masa tayin kaina. "Ƙanena, ga ni fa. Haƙoran sun ragu, amma waɗanda suka saura duk nawa ne." Sai ya ce, "Yaya, bakinki ya fi injina kaifi," ya ci gaba da goge makullinsa.

Ƙa'ida ɗaya gare shi, ya riƙe ta kamar wanda aka haifa da ita a hannu. Ba ya yanka wa mutum makullin ƙofar da ba tasa ba. In ka kawo makulli sai ya tambaye ka na ina ne, yana kallon ƙwayar idonka. In kuwa sabulu ka kawo, wanda aka danna makullin wani a jikinsa ya bar shaida, ko hannu ba zai sa ba. Shi ya sa duk layinmu, daga masu shaguna har matan gida, gunsa ake zuwa. Ana yarda da shi ƙwarai, amma ba a zama hira da shi. Wa zai yi hira da mutumin da amsarsa ba ta wuce "uhm"?

Mutum ɗaya ne ya iya, Direba. Tsohon matuƙin babbar mota ne da ciwon baya ya sauke daga kujera. Kullum da yamma zai jawo ƙafa ya zube a bencin nan, Mai Makulli ya fito da kofi biyu na shayi. Direba ya yi ta zuba labarin hanyoyin da ya bi, rabi gaskiya rabi ƙari, shi kuwa yana ta "uhm". Na taɓa ganin ya yi dariya har ya ajiye zarto. In ka cire wannan zaman na yamma, babu abin da ya rage a ranar mutumin nan sai ƙarar inji.

Direba yana da ɗa, autansa, saurayi mai gyaran waya, wanda ya kama ɗakin haya a layin baya. Mai Makulli ne ya sa masa makullin ƙofa da hannunsa. A gabana saurayin ya ce, "Baba, makullin nan ni kaɗai nake so ya kasance a hannuna." Mai Makulli ya ce masa, "Kai kaɗai."

Sai saurayi ya fara lalacewa. Ya rame, ido ya yi ja, shago ba ya buɗuwa sai rana ta take. Kowa ya gane yana shan wani abu, kowa ya yi shiru.

Wata yamma Direba ya zo bai zauna ba. Ya ciro sabulu daga aljihu, naɗe a hankici, ya ajiye a kan tebur.

"Mutumina, yanka min wannan. Na ɗakin yarona ne. So nake in shiga in ga abin da yake ɓoyewa kafin ya kashe kansa."

Mai Makulli ya daɗe yana kallon sabulun.

"Ya san ka ɗauki shaidar makullinsa?"

"In ya sani ai ba zan zo nan ba."

"To, ba zan iya ba. Amma tashi mu je tare mu buga masa ƙofa. In ya ƙi buɗewa, mu zauna a bakinta har ya fito."

"Na buga har hannuna ya gaji. Ɗana ne fa, ba ɗan maƙwabta ba."

"Ɗanka ne. Ƙofar tasa ce. Kuma na ce masa shi kaɗai."

Direba ya yi wata dariya marar daɗi. "Duk shayin da muka sha, ashe da ƙarfe nake zama." Ya juya ya tafi, ya bar sabulun.

Ban iya haƙuri ba, na tsallaka titi da zanena a hannu. Na ce, "Kai, ƙanena, kanka ɗaya? Ana auna aiki da abin da zai haifar. Ɗan ƙarfe guda za ka yanka, uba ya ceci ɗansa, wa aka cuta?"

Ya ce, "Yaya, duk wanda ya taɓa kawo min sabulu da labari mai kyau ya zo. Wata ta ce na mijinta ne, wani ya ce na ƙanensa marar lafiya. Ni ba na iya gane mai gaskiya daga bakin labari. In na yanka wa wanda nake so, gobe da wane ido zan hana wanda ba na so?"

"Wannan ai ka san gaskiya yake faɗa."

"Na sani."

"To?"

"Uhm," in ji shi. Na ce Allah ya shirye ka, na koma rumfata.

Ga inda labarin ya ƙi yi wa kowa daɗi. Direba ya sake ɗaukar shaidar makullin a wani sabulun, ya je can ƙarshen kasuwa, wurin wani mai inji da ba ya tambaya, aka yanka masa. Ya shiga ɗakin, ya tarar da kwalaben maganin tari a ƙarƙashin gado sun fi ƙarfin buhu. Aka yi rigima, aka kai saurayi asibiti, ya daɗe, ya dawo da kumatu. Yanzu haka yana shagonsa yana gyaran waya. In ya zo wucewa ta gabanmu yakan gaida Mai Makulli har da rusunawa, don ya ji labarin cewa ya ƙi yanka makullin ɗakinsa. Uban kuwa ya canza hanya, ta bayan layi yake zagayawa, da ciwon bayan nasa da komai.

Ni dai har yau ban yanke hukunci ba, kuma ba kasafai nake rasa abin faɗa ba. Da ni ce da na yanka. Amma makullin ɗakina da na akwatina, a wurin wa kuke zaton nake yankawa? Ba wurin na ƙarshen kasuwa ba.

Na tambaye shi sau ɗaya ko ya yi nadama. Ya ce ya ji daɗi da yaron ya warke, kuma da za a sake kawo sabulun, amsar ba za ta canza ba. Yana faɗa yana kallon bencin.

Sabulun ya daɗe a kan kanta kusa da gwangwanin zarto, ko Direba zai dawo ɗauka. Bai dawo ba. Rannan na ga ya sauko da shi yana wanke baƙin mai a hannunsa, a hankali, har shaidar makullin ta shafe.

Da yamma har yanzu kofi biyu yake fitowa da su, hannu ya riga ya saba. Wani lokaci nakan tsallaka in shanye na biyun, don kada a yi asarar sukari. Nakan ba shi labari iyakar iyawata, har da ƙari. Yana cewa "uhm" a inda ya dace. Amma ban taɓa sa shi ya ajiye zarto ba.