Shafin da Babu Dodo a Ciki

Warin tsohuwar takarda da ta sha danshi ne ya dawo mini da komai. Ana kwashe tarkacen ɗakin marigayiya Kaka, wanda ya daɗe da zama ɗakin ajiya, sai aka tarar da littafin a ƙasan adakarta, cikin tsummokara. Bangonsa ya yage tun ina yaro, don haka kada ka tambaye ni sunansa ko na wanda ya rubuta shi. Ina kai shi kusa da hancina na ji warin ruɓaɓɓen gero ne sak.

Kawuna mai dako a Kano ne ya kawo mini shi, a shekarun farin nan da gero yake bushewa a tsaye tun bai fitar da kai ba. Ina firamare lokacin, ni kaɗai na iya karatun boko a gidanmu, ina ji da kaina kamar alƙali. Labarin wani mutum ne da ya ajiye dodo a rumbunsa. Dodon ba shi da ido, bakinsa a tumbi yake, yana lasar bangon rumbu da harshe mai gashi. Sharaɗinsu ɗaya ne: muddin ba a buɗe rumbun ba, hatsi ba zai ragu ba. Harshen nan ya hana ni zagayawa bayan gida ni kaɗai, har na taɓa jiƙa wando a kansa.

Gidanmu na gandu ne, gona ɗaya tukunya ɗaya. Baba Babba, yayan mahaifina, shi ke riƙe da komai, shi ke auna wa mata hatsi da safe. Mahaifina ya tafi ci-rani kudu, ba aike ba labari. Rumbuna biyu sun ƙare tun kafin bazara. Saura na uku, rumbun tsimi, na ƙasa, a bayan turken awaki, wanda aka liƙe bakinsa da laka tun shekarar da aka yi albarka. Kowa a ƙauyen ya san cike yake da damman gero. Liman ma ya taɓa yi wa Baba Babba tuni a zaure, sai ya ce, "Ba a kai can ba tukuna, Malam. Wanda ya ci tsiminsa da wuri shi ke bara." Mu kuwa muna kan kunun dusa da dafaffiyar tafasa, ba ƙuli ba mai. Ranar kasuwar Ɗambatta sai Baba Babba ya dawo da maiƙo a leɓe, yana sakace, yana gaya mana haƙuri ibada ne.

A cikin wannan hali aka yaye ƙanwata aka kai ta ɗakin Kaka, kamar yadda aka saba. Yarinya ce mai ƙiriniya, wadda ba ta barin kaza ta sha ruwa lafiya. Ba a jima ba gashinta ya yi ja kamar gemun masara, ƙafafunta suka kumbura, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Daga baya ta daina ko kuka. Mata suka ce tamowa ce. Kaka takan ce yarinyar ba abin da take nema sai kunun gero mai kauri, amma a cikin ɗaki take faɗin haka, da murya ƙasa-ƙasa.

Kullum bayan la'asar Kaka takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ɗora ƙanwata a cinya, ta kira ni. "Mai gidana, miji ba cefane, zo ka biya ni da karatu." Daidai lokacin ne Baba Babba yake zama a bayan danga yana tufkar igiya, tsakaninmu da shi bai fi a miƙa ƙwarya ba. Shafi ɗaya take so, kullum shi. Wurin da tsohuwar uwar mutumin ta tsaya a gabansa, ta kira sunansa, ta ce, "Ɗana, ni na haife ka. Buɗe rumbun nan, gidanka yana ƙarewa."

"Kaka, nan fa babu dodo," nakan ce. "Bari in karanta miki inda ya zaro harshe."

"Dodon me? Koma wajen tsohuwar. Ka kuma ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi."

Kunnen da ke jin motsin ɓera a rufin ɗakin maƙwabta! Haka zan karanta ina kumbure-kumbure, ta ce in maimaita, in sake maimaitawa. Wata rana Baba Babba ya leƙo ta saman danga ya ce, "Kai, wannan littafin ƙaryar ba ya ƙarewa ne? Tashi ka ɗauki allonka." Washegari ya mayar da tufkarsa zaure.

Ƙanwata ta rasu a farkon damina, ranar da ake fita shuka. Inna ba ta yi kururuwa ba. Da aka dawo daga maƙabarta na same ta a gindin dutsen niƙa, tana niƙa dusar da ta riga ta niƙu.

Da marka ta kankama sai wari ya fara tashi daga bayan turke. Aka ce mushe ne, aka duba ba a ga komai ba. Sai da maƙwabta suka fara toshe hanci a masallaci sannan Baba Babba ya sa aka fasa lakar. Ina wurin, kuma da ma ban je ba. Jinkar ta daɗe tana yoyo, gara ta shigo ta ƙasa, geron ya zama baƙin caɓi mai zafi yana turiri. Tsutsa fara fat tana motsi a ciki, ga gawarwakin ɓeraye sun narke. Mai kwasar ya yi amai a kan ƙafarsa. Aka zuba wa awaki suka kau da kai. A mangala aka yi ta jidarsa zuwa gona a matsayin taki, kuma da shekara ta zagayo babu inda gero ya yi kyau kamar wannan kusurwar. Aka girbe, aka daka, aka yi tuwo, muka ci. Har da ni, har da neman ƙari.

Na zauna na sake karanta littafin daga farko har ƙarshe, yanzu da furfura a gemuna. Ban ji tsoro ko kaɗan ba, ƙyama na ji. Na bi shafi-shafi ina neman inda dodon ya ciji wani, ban samu ba. Bai taɓa fita daga rumbun ba, kuma ban da mai gidan babu wanda ya taɓa ganinsa. Mutanen gidan suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida, shi kuwa yana zagaya rumbunsa yana shafa bango. Marubucin ya ba mu yara harshe mai gashi mu yi wasa da shi, ya ajiye ainihin maganar don manya.

Da na iso shafin tsohuwar sai na kasa wucewa. Baba Babba ɗan farin Kaka ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, in ya shigo ta wannan ƙofa sai ta juya baya. Tunda ta haife shi ba ta taɓa ce masa yi ko bari ba. Jikarta na narkewa a cinyarta, maganar tana bakinta, kunya ta hana ta fita, sai ta ari bakin yaro. Shi kuma ya ji sarai. Wanda bai ji ba ba ya tashi ya sake wurin zama.

Dukansu biyu sun cika da yabo. Shi an ce mutum ne mai tattali. Ita an ce har ta koma ga Allah ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli ɗan farinta ba, mata suna ta jinjina kai. Ina ƙaunar Kaka har gobe, amma wannan yabon yana tayar mini da zuciya. Kunyar da za ta bar yarinya ta mutu a kan cinya, ban san sunan da zan kira ta da shi ba.

Yanzu babu rumbu a gidanmu, sai buhuna a shago, gonar ma an yanka ta filaye. Na ɗauka wancan zamanin ya tafi da kayansa. Sai na tuna ni ma ɗan fari ne, kuma ni ke riƙe da gidan. Na rufe littafin na shiga wajen Inna, na zauna a gabanta, abin da ban saba ba. Na ce, "Inna, don Allah in akwai abin da kike so, ki gaya mini da bakinki."

Ta gyara mayafi ta kau da kai. Sannan ta dubi ƙaramar 'yata da ke wasa a bakin ƙofa ta ce, "Ke, gaya wa ubanki maganin hawan jinina ya ƙare tun kafin azumi."