Yadda Badamasi Ya Zama Ungozoma

Duk Gwaram babu mai kiran Badamasi da sunansa, sai dai Ungozoma. Namiji ne kuwa har da furfura, mai facin taya a bakin tasha, kuma bakinsa ne ya ja masa.

Wata rana Jafaru ɗan acaɓa ya dubi tsohon keken Badamasi ya ce, "Baba Badamasi, wannan tarkacen ko Maruta da ke nan kusa ba zai kai ka ba." Badamasi ya ajiye famfo, ya bugi ƙirji a gaban jama'a, wai kwana goma ya ishe shi ya je Lakwaja, ya wanke ƙafa inda manyan kogunan nan biyu suka haɗu. Turai matarsa ta ce, "Malam, kai da ko gona sai ka huta sau biyu?" Amma ta yi masa guzurin garin kwaki da ƙuli.

To, a wajenmu ba a tafiya babu sallahu. Ranar tashi sai ga Hajjo maƙwabciyarsu, tsohuwar da 'yarta Munawwara ke aure a Lakwaja, ɗauke da jar kaza a kwando. Ta ɗaure kwandon a bayan keke da hannunta, ta ce, "Amana ce. Yadda na ba ka ita, haka za ka miƙa wa Munawwara." Badamasi bai taɓa iya cewa a'a ba, kuma bai taɓa cin abin wani ba. Ya ce to.

Tafiya ta fara da kyau. Da ya sallame asuba sai ya hau, ya yi ta murzawa har rana ta take, ya sami gindin tsamiya ya jiƙa gari. Taya ta sace, ya zauna ya yi mata faci. La'asar na yi sai ya nemi mai unguwa a ba shi zaure, ya wanke riga ya shanya a kan keke, ya saki kaza ta yi kiwo. Ita kuwa 'yar banza, duk garin da aka sauka sai ta yi miji. Tun a Birnin Kudu ta fara.

A Wudil ya leƙa kwando ya ga ƙwai. Ga mai shayi a gefe da kasko a wuta, ga yunwa. Ya haɗiyi yawu, ya buga wa Hajjo waya.

"Inna, kazarki ta yi ƙwai. In soya?"

"Ka soya me? Ƙwan Munawwara? Ko ɗaya ya yi ciwon kai ban yafe ba."

Ya cire hularsa ta sallah ya naɗe ƙwan. Kashegari wani, jibi wani. Ya rage gudu, yana kauce wa kowane rami. Kafin ya wuce Zariya sun zama tara, sai uwargida ta baje fukafukai ta hau kwanci. Ya taka feda ta yi ƙara, ya kai hannu ta sare shi.

Nan Badamasi ya tsaya bakin titi. In ya hau ya murza, ko an makara zai isa da sauran mutunci, amma ƙwai zai kaɗe ya lalace. In ya lallaɓa, Jafaru ya samu abin dariya har ya mutu. Ya tuna "ban yafe ba". Ya sauka, ya shimfiɗa mata ƙaiƙayi, ya kama keke ya fara turawa.

Kwana ashirin da ɗaya, jama'a! Kaza a kan keke ƙarƙashin lema, mai keke a ƙasa. Takalminsa ya tsinke, shi ma ya yi masa faci. Direbobin tirela suna leƙowa suna cewa, "Baba, Hajiya ce ba ta son gudu?" Jafaru yana bugo waya kullum: "An wanke ƙafar?" Shi kuwa ya ce, "Yi magana a hankali, tana barci."

Ana saura kaɗan a isa, da hantsi, ya ji tsiyau-tsiyau. Shida suka fito. Ɗaya a cikinsu ya maƙale, Badamasi ya ɓare masa ɓawo da farce yana ta bismilla. Ukun da suka ƙi ƙyanƙyashewa ma bai yar ba, don a gani da ido.

Ran kwana arba'in da biyu ya yi sallama a gidan Munawwara, baƙi wuluk, wando na zamewa. Ta duba kaza, ta duba tsaki, har da ruɓaɓɓun ukun, ta ce, "Baba, Allah Ya saka, ka cika amana." Ta cika shi da tuwon shinkafa. Ya je kogi ya tsoma ƙafafunsa, ya ji kamar an sauke masa dutse.

Da zai juyo, sai ga ta da kwandon nan.

"Baba, uwar na riƙe. Tsakin ka kai wa Inna tukwici. Ga shaho a hanya, ka kula. Amana ce."

Badamasi ya dubi kwandon. Ya ce to.