Kazar da Aka Zana a Bangona

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, ku ara mini kunne. Wagga ba tatsuniya ba ce, abin da idona ya gani ne, kuma da hannuna a ciki.

Gidanmu yana bakin hanyar da ake bi zuwa kasuwar Urafane, daidai inda hanya ta karya kwana. Duk mai amalanke, duk mai mato, dole shi rage gudu a nan, dole kuma idonsa shi faɗa kan bangonmu. Dogon bango ne na laka, marigayi maigidana ya gina shi, kuma tun da ya rasu damina take cinsa kaɗan-kaɗan.

Shekarar da wake ya yi albarka har muka rasa wurin zubawa, sai ga wani ɗan kasuwa daga Tasawa, tare da wani mai zane. Ɗan kasuwar yana saida wata hoda ta kashe ƙwarin wake. Mu da toka muka saba, da yashi, da ganyen bedi, wato dogon yaro, amma ƙwari ba su cika jin tsoronsu ba. Ya ce zai shafe mana bangon da siminti in muka bar shi ya yi tallar hodarsa a kai. Ɗana ya dube ni, na dubi tsagar bangon, na ce a yi.

Mai zanen dattijo ne mai ƙarancin magana, Kirista, shi ke rubuta allunan butik-butik, wato shaguna, a Tasawa. Kwana uku ya yi. Ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Ya zana mace da koren kallabi, riƙe da ƙwarya cike da wake fari tas, ba ko huji ɗaya. A gefenta ya kwantar da ƙwaro, girmansa ya kai ɗan akuya, ya yi rigingine, ƙafafu sama, baki a wangame. Tun fenti bai bushe ba mata masu zuwa rijiya suke tsayawa da tulu a ka suna dariya. Wata ta ce ƙwaron ya yi kama da mijinta in ya ƙoshi da fura.

Rana ta uku da hantsi na fito na iske ya ja wani abu da alli a ƙasan zanen, ta wajen ƙofa. Ƙoƙon kan mutum ne, da ramukan ido, da ƙashi biyu a gicciye, da hoton jinjirin wata guda uku a jere a samansa. Surukata tana da ciki wata bakwai, ta wannan ƙofa take fita kullum, kuma mu a wurinmu mai ciki ba ta kallon mummunan abu. Ban da haka, wa ke zana mutuwa a ƙofar gidansa?

Na ce ya goge. Ya aje buroshi ya yi mini bayani a tsanake: hodar guba ce, ƙoƙon kan shi ke faɗin haka ga wanda bai yi lakwal ba, bai iya karatu ba, watannin kuma na nufin sai wake ya yi wata uku, an wanke shi, an shanya, kafin a ci.

Na ce, "Malam, ka rubuta da baƙi mana."

Ya ce, "Inna, rubutun yana nan da faransanci. Cikin masu bin hanyar nan, nawa za su karanta?"

Na ce ko ya goge, ko in sa a watsa wa zanen duka laka. Ɗan kasuwar ya ja shi gefe, na ji yana ce masa ai ƙoƙon kai korar masu saye yake yi, ya bi tsohuwa da abin da take so. Daga baya dattijon ya ɗauki fenti ya rufe wurin da farar kaza tana tsattsagar wake. Watannin uku ya bar su, suka koma ado. Da zai tafi bai karɓi furar da na dama masa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, tunda na ɗauke bakin bango, to ni in zama bakinsa, in riƙa faɗa wa mutane.

Bangon ya yi suna. Samari na tsayawa su ɗauki hoto da waya, masu mato suna kwatance da shi, "gidan ƙwaro". Ranar kasuwa hodar ta riƙa ƙarewa kafin azahar. Masu teburi suna farke babban buhu su ƙulla ta a ƴan ledoji, ba takarda, ba rubutu. Makon farko na faɗa wa mutum biyar ko shida. Sai aka fara yi mini ba'a, wai tsohuwa ta sha siminti tana ɓata wa mai siminti kasuwa. Na kama bakina.

Maƙwabciyata, wadda aka kawo mu garin aure shekara ɗaya da ita, tana riƙon jikoki uku, uwayensu suna ci-rani. Ta sayo ƙulli biyu ta nuna mini ta kan danga. Na ce mata a dai jira kafin a ci. Ta yi dariya ta ce, "Haba ƙawa, ga kaza nan a bangonki tana ci, ko ita ma jira ta yi?" Da na faɗa mata abin da ke ƙarƙashin kazar, da sai na faɗa mata wanda ya sa aka rufe shi. Kunya ta riƙe mini harshe. Na ce a raina gobe.

Kwana tara tsakani, da safe, na zaga bayan dangarta neman akuyata. A inda take sheƙa na ga kaji uku a kwance, ƙafafu sama, kamar ƙwaron bango. Ta huɗu tana juyi wuri ɗaya, baki na dalala. Na ɗaga kai na ga hayaƙin madafinta ya riga ya lafa, ga ƙanshin dafaffen wake a iska.

Ban san na iya gudu ba sai ran nan. Na iske akushi a tsakar gida, an sharce shi. Babban jikan yana riƙe da ciki a gindin turmi, na tsakiyar yana amai, ƙaramar kuwa, mai shekara huɗu, tana kwance jikin kakarta, gumi ya jiƙe ta, idonta ya ƙanƙance. Ƙawata ba ta ci ba, azumin ramuwa take yi. Ɗana ya ɗaura shanu a amalanke muka nufi likita. A hanya muka wuce bangon, matar tana murmushinta, kazar tana ci. Ƙawata ta dube shi, ta dube ni. A cikin amalanken nan na faɗa mata komi. Ita dai sai gyara zanen da ta lulluɓe yarinyar da shi take yi.

Maza biyun sun tashi bayan kwana shida. Ƙaramar kuwa ba ta ga la'asar ɗin ran da muka kai su ba.

Ran da aka yi sadakar uku na ɗauki gawayi na tsuguna gaban kazar, na ja ƙoƙon kai a kanta da hannuna, a karkace, yadda na iya. Ruwa na wanke shi, ina mayarwa.

Ɗan kasuwar ya koma saida takin zamani, har yau yana ɗaga mini hannu in ya wuce. Mai zanen ya zo gaisuwa, ya ga gawayina, ya koma ya kawo baƙin fenti ya bi sawun hannuna bai gyara ba; na ji ya bar zanen talla, sai allon makaranta. Surukata ta haihu lafiya, namiji, kullum ta gaban ƙoƙon kan take wucewa da shi a goye. Yaran biyu uwayensu sun ɗauke su. Ƙawata tana nan, muna gaisawa, muna haɗuwa wurin biki da rasuwa, amma ta toshe ƙofarta ta wajen hanya ta buɗe wata ta baya. Ni kuwa ranar kasuwa nakan shimfiɗa tabarma a gindin bangon, duk wanda ya tsaya kallon ƙwaro in kira shi in faɗa masa wata uku.