Ranar da Muka Auna Hayaƙin Inna

Tun ban san kaina ba Inna take soya waina a wani ɗan kicin mara taga a gidanmu da ke unguwar Yara. Da damina itace jiƙaƙƙe ne, sai ta cusa masa leda da guntun silifas ya kama. Tarinta kuwa har maƙwabta sun san shi. In na yi magana ta ce kakata ma a hayaƙi ta tsufa.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, sashen fiziks, aka aro mana na'urar leza daga Abuja. Siririn haske take harbawa ta cikin harshen wuta. Kowace iska mai guba tana shanye nata rabon hasken, abin da ya tsira ya isa ɗaya gefen, kwamfuta ta faɗi wace guba ce da zafin wutar. Ni ba digiri ne a raina ba. So nake Inna ta gani da idonta, tunda bakina ya gaza. Na yi ta naci har malamina ya yarda mu kai na'urar gidanmu kafin a mayar da ita, na gaya wa Inna ranar zuwanmu.

Muka sauka daga keke mai ƙafa uku da kaya, na leƙa kicin. An share, an shafe bango da farar ƙasa. Ba murhu, ba toka. Tukunyar gas ɗin maƙwabciyarmu ce a tsakiya, wutarta shuɗiya tas, Inna na gefe cikin atamfar sallah.

"Inna, ina murhun?"

"Malaminki guda zai shigo ya tarar da ni cikin baƙin hayaƙi? Ai ba a haka."

Na roƙe ta ta hura itace, ta ce ko guntu babu, ta bayar. Malamina, don kunya, ya saita na'urar a kan wutar gas ɗin, ya ce wannan wutar kam lafiya lau take. Zai ƙara bayani Inna ta tura masa farantin waina. Na shige ɗaki na yi kukan takaici.

Washegari murhu ya dawo, na'ura ta koma Abuja.

Bara numfashi ya fara gagarar Inna, na kai ta asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ta ko tana yawan zama cikin hayaƙi. Sai da tarin ya sake ta, ta nuna ni, har da ɗan alfahari.

"A'a likita, ba shi ba ne. 'Yata ta kawo inji an auna, an ce lafiya lau."