Toka a Tafin Hannu

Jiya 'yan kwamitin da ke zagayawa tare da 'yan sanda suna neman yara masu gudun lakol, wato makarantar boko, suka ce ba su taɓa kama ɗana ba. Hankalina bai kwanta ba, don littafinsa fari fat yake. Sai na tuna marigayi kakana, mai zama gindin bishiyar bedi a hanyar kasuwar Gangara yana duba hannun yara ko da alamar alli.

Ranar da na guje wa lakol, na shafa toka a hannu don ta yi kama da alli. Ya sunsuna tafina, ya ce, "Ja'iri, a murhu malaminku ke koyarwa?" Washegari ya raka ni lakol da kansa, babana bai ji ba.

Yau zan tambayi yaron, ina tsoron in doke shi kafin ya amsa. Allah Ya jiƙan tsoho, Ya ba ni haƙurinsa.